Tambayoyi da amsoshi kan tayar da tsohuwar motar tsere bayan injinta ya kama da wuta

Wannan bayani ya shafi ƙananan motocin nan masu kujera biyu da aka ƙera a Turai tsakanin shekarun 1950 zuwa 1970, waɗanda har yau masu sha'awarsu suke kula da su kamar kayan gado. An fi kafa misali da MGB, wadda aka ƙera a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980, domin an yi ta fiye da dubu 500, kayan gyaranta suna nan a kasuwa, kuma tsarin injinta yana nuna yawancin hanyoyin da wuta take bi ta tashi. Duk bakaniken da ya saba da tsohuwar Peugeot 504 mai kafireta zai gane mafi yawan abin da za a faɗa.

Me ya sa irin waɗannan motoci suke saurin kamawa da wuta?

Dalili na farko shi ne yadda aka jera kayan injin tun daga masana'anta. A injin MGB mai cc 1798, kafireta guda biyu ƙirar SU suna zaune ne kai tsaye a bisa bakin salansa, a gefe ɗaya na injin, kuma abin da ya raba su shi ne wani faranti na ƙarfe mai tare zafi. Idan allurar da take tsayar da fetur a cikin kafireta ta maƙale, ko mesar fetur ta tsage saboda tsufa, man zai zuba ne a wurin da ya fi ko'ina zafi. Famfon fetur ɗin kuwa na lantarki ne, yana can baya kusa da tanki, kuma idan akwai yoyo, muddin makulli yana kunne ba ya daina turo mai, ko da injin ya mutu.

Dalili na biyu shi ne wayarin. MGB ta farko fiyus biyu kacal take da su, daga baya aka mai da su huɗu, kuma manyan wayoyi da dama ba sa bi ta kowane fiyus. Waya ɗaya ta goge da ƙarfe ta isa ta mayar da dukan damin wayoyin garwashi.

Akwai kuma sabuwar matsala da masu ƙera motocin ba su san da ita ba. Tun daga watan Satumba na 2021 fetur na gama-gari a Birtaniya ya koma E10, mai ɗauke da itanol har kashi 10 cikin ɗari, kuma itanol yana cin tsohuwar roba daga ciki, ta yadda mesa za ta yi kyau a ido alhali ta riga ta ruɓe. Kowace ƙira ma tana da nata rauni. An san Lamborghini Miura, wadda aka yi daga 1966 zuwa 1973, da taruwar fetur a bakin kafiretocinta na Weber, sannan a tsohuwar Volkswagen Beetle ɗan bututun tagulla da aka cusa a jikin kafireta yakan kwance ya fice, fetur ya fesu a kan injin da yake aiki.

Wutar ta mutu. Mene ne abu na farko da za a yi?

A kashe makulli idan ba a riga an kashe ba, sannan a cire kan batir, a fara da wayar da take haɗe da bodi. A nan sai an lura, domin MGB da aka ƙera kafin ƙarshen 1967 kan fositib ne yake haɗe da bodi, saɓanin motocin yanzu. Batir ɗin kuma ba ya gaba, yana bayan kujeru ne a ƙarƙashin wani murfi, kuma har zuwa 1974 guda biyu ne masu bolt 6 kowanne. Wanda bai san wannan ba zai ɓata lokaci yana nema a wurin inji yayin da wayoyi suke ci gaba da narkewa.

Kada a yi gaggawar wangale bonet, domin iska tana iya farfaɗo da wutar da take ci a ɓoye cikin soso ko tabarmar da aka liƙa don rage ƙara. A bar motar a fili, nesa da gini da sauran motoci, a sa mata ido na wasu sa'o'i. A toshe ko a matse mesar fetur daga wajen tanki. Babban abin da za a kiyaye shi ne kada kowa ya murɗa makulli wai don a ji ko injin yana da rai. Wannan gwajin ne yake jawo gobara ta biyu, kuma shi ne yake jan hodar kashe wuta zuwa cikin silinda.

Shin za a iya fara wanki nan take, ko sai kamfanin inshora ya gani?

Abubuwa biyu ne suke ja-in-ja a nan. Kamfanin inshora yana son wakilinsa ya ga motar yadda wuta ta bar ta, ita kuwa hodar da aka fesa tana cin ƙarfe kowace rana da ta ƙara kwana. Mafita ita ce a ɗauki hotuna masu yawa tun kafin a taɓa komai, daga nesa da kuma kusa, a sanar da kamfanin a ranar, a nemi izininsa a rubuce na kwashe hodar. Duk abin da aka cire a ajiye shi a leda da takardar da ta nuna inda aka ciro shi, musamman mesoshi da kilif-kilif ɗinsu, domin su ne shaidar inda wutar ta samo asali.

A Birtaniya, tun daga Oktoba 2017, ana kasa motocin da inshora ta ɗauka a matsayin asara gida huɗu. Rukunin A da B ba sa komawa kan titi, rukunin S yana nufin ƙashin motar ya taɓu amma tana gyaruwa, rukunin N kuma ɓarnar ba ta kai ga ƙashi ba. Mai motar da ya yi yarjejeniyar ƙayyadadden farashi da kamfaninsa tun farko ya fi samun sauƙin ciniki a wannan mataki.

Wace illa hodar tukunyar kashe gobara take yi, kuma yaya ake kawar da ita?

Sau da yawa ɓarnar hodar takan fi ta wutar kanta, idan wutar ƙarama ce aka yi saurin kashe ta. Sai an fara duba jikin tukunyar a ga wace iri ce. Wadda aka rubuta wa ABC, mai hoda ruwan ɗorawa, yawancinta sinadarin monoamoniyam fosfet ne. Yana narkewa a wajen digiri 190 na ma'aunin Salshiyas ya manne a kan ƙarfe mai zafi, wanda hakan ne yake kashe wutar, amma da zarar ya sha danshi sai ya zama asid, ya shiga cin alminiyam da jan ƙarfe da bakin kowace waya. Wadda aka rubuta wa BC galibi sodiyam baikabonet ce, fara, kuma cinta bai kai na waccan ba. Tukunyar iskar kabon dayoksaid ba ta barin komai a baya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko mesar ruwa a hau fesawa. Ruwa yana narkar da hodar ya kai ta cikin kowace kafa, cikin soket, ƙarƙashin noti, tsakanin faranti biyu da aka yi wa walda, inda hannu ba zai ƙara kaiwa ba. Iska mai ƙarfi ta kwamfaresa ma haka take yi. Ana farawa ne a bushe, da injin zuƙar ƙura da burushi mai laushi, bayan an toshe bakin kafireta da duk wata ƙofa ta shiga inji da tsumma mai tsabta da salatif. Sai an kwashe duk abin da zai kwasu kafin ruwa ya taɓa wurin.

Bayan haka, idan hodar ABC ce, a kwaɓa garin soda na gashin burodi da ruwan ɗumi a shafe wurin, a bar shi na 'yan mintuna ya kashe kaifin asid ɗin, sannan a ɗauraye. Idan ta BC ce, ruwan ɗumi da ɗan khal ne yake ɗauke ta. Inda hodar ta ƙi jiƙuwa, saboda akan haɗa ta da abin da yake hana ta shan danshi, a goge da giyar aisofurofil da aka sirka da ruwa rabi da rabi. A ƙarshe a wanke da sabulun cire maiƙo, a busar sosai, a fesa man hana tsatsa a kan duk ƙarfen da fentinsa ya tashi, domin ƙarfen da wuta ta lashe yakan yi ja cikin kwana ɗaya ko biyu.

Kunkunniyar ma ba abin rainawa ba ce. Rigar wayoyin lantarki ta PVC ce, kuma idan ta ƙone tana fitar da iskar da take zama asid na haidurokulorik idan ta haɗu da danshi. Shi ya sa ake ganin tsatsa a wuraren da harshen wuta bai kai ba, hayaƙi kawai ya bi ta kansu.

Wace kariya mai aikin yake buƙata?

Safar hannu mai kauri ta roba, tabarau, da takunkumi mai tace ƙura, ba na yadi ba. A motocin wannan zamani an yi amfani da asbestos, wani ma'adini mai jure zafi wanda ƙurarsa take cutar da huhu, a farantin tare zafi na kafireta, da wasu gaskit, da takalmin birki, kuma Birtaniya ba ta haramta shi gaba ɗaya ba sai a 1999. Idan wuta ta ci shi yakan yi gari, don haka a jiƙa shi kafin a cire, a ɗaure a leda, kada a kankare shi a bushe. Wasu robobi na zamani irin su Viton, waɗanda mai yiwuwa an sa su a wani gyara na baya, suna iya barin asid mai haɗari ga fata idan sun ƙone ƙurmus, saboda haka kada a taɓa baƙin abu mai danƙo da hannu tsirara.

Ta yaya ake gane inda wutar ta fara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan, kuma ita ce aka fi tsallakewa saboda ɗokin ganin mota ta tashi. Wanda ya sauya duk abin da ya ƙone bai gano musabbabin ba, ya gina wa wuta sabon gida ne kawai.

Wuta tana hawa sama ne tana faɗaɗa, don haka a nemi wuri mafi ƙasa da ya fi ƙonewa. A duba cikin bonet, inda fenti ya fi tashi yakan kasance a saman tushen wutar. Idan fetur ne, ɓarnar takan taru a gefen kafireta, a ga mesa ta tsage ko ta zame daga bakinta. Idan aka ga matatar iska ta ƙone daga ciki zuwa waje, wataƙila injin ya yi tari ne ya mayar da wuta ta bakin kafireta, abin da yake nuna taimin ya kauce ko fetur ya yi ƙaranci a cakuɗin. Idan lantarki ne, za a ga waya ɗaya ta narke tsawonta duka a cikin dami, har a wuraren da wuta ba ta kai ba, wani lokaci da ɗan dunƙulen jan ƙarfe a inda ta taɓa bodi. Jan ƙarfe ba ya narkewa sai a digiri 1085, zafin da ƙaramar gobarar inji ba ta cika kaiwa ba, amma tartsatsin lantarki yana kaiwa nan take.

Kada a manta da baƙin mai da man birki. Mesar na'urar sanyaya mai, ko siririyar mesar da take zuwa agogon matsin mai, idan ta fashe tana fesa mai a kan salansa, kuma man birki yana kamawa da wuta a kan ƙarfe mai zafi fiye da yadda mutane suke zato.

Yaya za a san iyakar zafin da kayan suka sha?

Kayan da kansu suna ba da labari. Roba da leda su ne farkon lalacewa. Dalmar da aka liƙe lagireton tagulla da ita tana sakin jiki tun a wajen digiri 200, saboda haka lagireto yana iya yin kyau a ido amma ya yi yoyo idan aka matsa masa. Kayan da aka zuba da tutiya suna narkewa kafin digiri 400, alminiyam kuma a digiri 660. Ƙarfe mai sheƙi da ya koma launin kara ya sha zafi sama da digiri 200, wanda ya koma shuɗi ya kai wajen 300. Duk sifirin da ya sauya launi ya rasa ƙarfinsa, a jefar da shi, musamman sifirin da yake mayar da totur.

Bulok ɗin MGB da top silindarta na zubin baƙin ƙarfe ne, cike da ruwa, kuma da wuya gobarar mintuna kaɗan ta yi musu wani abu. Abin dubawa shi ne kayan alminiyam da suke kewaye da su. A ɗora ƙarfen awo miƙaƙƙe a fuskar manifol da gindin kafireta a ga ko sun lanƙwashe.

Ana iya yi wa wayarin faci, ko dole a sayi sabo?

Idan wutar ta taɓa babban damin wayoyi, a sayi sabo. Wannan shi ne wurin da bai kamata a yi tsimi ba. Zafi yana bin jan ƙarfe ya yi nisa a cikin dami, rigar waya ta yi tauri ta tsattsage a ƙarƙashin tef ɗin da ya naɗe ta, ko wayoyi biyu su manne da juna a inda ido ba ya gani. Riwaya zai iya yanke baƙin wurin ya haɗa, fitilu su kama, a yi murna, bayan wata biyu girgizar hanya ta ƙarasa abin da wuta ta fara. Ana sayar da cikakken wayarin MGB sabo bisa shekarar ƙira, kuma kuɗinsa bai kai na fenti ba.

Faci yana halatta ne kawai idan reshe ɗaya ne ya ƙone, kamar wayar da take zuwa ham ko fitila, kuma aka warware tef ɗin har aka kai inda rigar wayar take lanƙwasuwa ba tare da ta tsage ba, jan ƙarfen kuma yana sheƙi. A nan ma a yi amfani da waya mai kauri ɗaya da launi ɗaya.

Launukan suna da ma'ana a motocin Birtaniya masu kayan lantarki na kamfanin Lucas, kuma saninsu yana rage wahala. Waya mai ruwan ƙasa tana ɗauke da wuta kullum daga batir ba tare da fiyus ba. Fara tana samun wuta idan an kunna makulli, ita ma babu fiyus, kuma ita ce take ciyar da kwayil da famfon fetur. Koriya tana bayan makulli da fiyus, shunayya tana da wuta kullum amma ta bi ta fiyus, baƙa kuma ta bodi ce. Ruwan ƙasa da fara su ne masu ƙona mota. Kwayil, wayoyin fulogi, murfin distiributa, rota, kontak da kwandensa duk a sauya su. Altaneta da kik a kwance su a wanke, domin hoda tana shiga ta ramukan iskarsu.

Kafireta fa, da hanyar fetur?

A sauke kafiretocin a warware su ɗaya bayan ɗaya. Ƙirar SU tana aiki ne da fistin da yake hawa da sauka a cikin wata ƙwarya ta alminiyam, kuma tazarar da take tsakaninsu ƙanƙanuwa ce ƙwarai. A ɗaga fistin da yatsa a sake shi. Idan ya sauka sumul ya buga da ƙara mai kaifi, lafiya lau. Idan ya tsaya a hanya bayan an wanke shi, ƙwaryar ta karkace, kuma ba a gyara wannan da sanfefa. Kada a musanya fistin na wannan da ƙwaryar waccan, domin tare aka daidaita su. Fulot, allurarsa, jet, gaskit da kowace roba sababbi za a sa.

Mesar fetur kuwa a sauya ta tun daga tanki, ba iya wadda ta ƙone ba, domin shekarunsu ɗaya. A nemi wadda aka buga wa SAE J30 R9 a jiki, alamar mesa mai jure itanol, daga dillalin da aka amince da shi, tunda akwai jabu a kasuwa. A guji matatar fetur ta gilashi mai murɗawa, wadda take kwancewa da girgiza. Idan za a sauya famfo, a tuna cewa kafiretar SU ba ta son matsi sama da psi 3 zuwa 4, kuma famfo mai ƙarfi zai rinjayi allurar ya sa man ya yi ambaliya.

Shin wutar inji tana shafar birki?

Ƙwarai kuwa. Tukunyar man birki da ta kuloci suna jikin bangon da ya raba inji da direba, kuma robobin cikinsu ba sa jure zafi. MGB ta farko layin birki ɗaya take da shi, idan ya zube babu na biyu. A sauya robobin ko tukunyar gaba ɗaya, a sauya duk bututun da ya sauya launi, a zubar da tsohon man duka. Kebul ɗin totur da na cok su ma a sauya, domin ledar cikinsu takan narke ta riƙe totur a buɗe.

Idan hoda ko ruwa sun shiga cikin injin fa?

Idan injin yana aiki lokacin da aka fesa hodar, a ɗauka ta shiga. A cire manifol a leƙa ramukan shiga, a cire fulogi a duba cikin silinda da 'yar kyamarar nan mai dogon wuya. Ɗan burbuɗi a ramin shiga ana iya zuƙe shi a goge. Idan an ga hoda a kan fistin, musamman a silindar da bawul ɗinta yake buɗe, gara a ɗaga top silinda a wanke da hannu, domin kuɗin gaskit ɗaya bai kai na ringi da gogar silinda ba.

Idan 'yan kwana-kwana ne suka kashe wutar da ruwa, aikin ya fi gaggawa. A zubar da baƙin mai a duba ko ya yi fari, a zuba ɗan mai a kowace silinda, a juya injin da sifana ta kan notin kiranshaf, fulogi a cire. Ruwa ba ya matsuwa, kuma buga kik a kan silinda mai ruwa yana lanƙwasa sandar fistin. Ko ba a ga komai ba, mai da filta sababbi za a sa.

Ina batun bodi da fenti?

MGB ba ta da shasi dabam, bodin ne ƙashinta, don haka a sa fanelbita ya duba bangon inji da ƙafafun gaba ko sun motsa. Fentin da ya kumbura a kankare shi har ƙarfe. Bonet ɗin motocin farko na alminiyam ne, zuwa wajen 1969 aka koma ƙarfe, kuma na alminiyam da ya sha wuta da wuya ya koma daidai. A Jaguar E-Type injin yana zaune ne a kan firam na siraran bututun ƙarfe na Reynolds da aka haɗa da tagulla, kuma idan ya sha zafi sauya shi ake yi. Lotus Elan kuwa bodinta na faiba ne, wanda shi kansa makamashi ne, sai an yanke wurin da ya ƙone har inda ya yi lafiya.

Masu Porsche 911 na ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1977 da masu Beetle su sani cewa akwatin injinsu na magniziyam ne. Da wuya ya kama, amma idan ya kama ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi, kuma wannan aikin 'yan kwana-kwana ne.

Komai ya haɗu. Yaya ake tayar da ita karo na farko?

A fitar da motar fili, bonet a buɗe, mutum biyu a wurin, ɗaya a kan makulli ɗaya riƙe da tukunyar kashe gobara da aka zare wa fil. A bar kan batir a sassauce yadda za a fizge shi da hannu.

Ana bi ne mataki-mataki, kuma ba a haɗa fetur da tartsatsi sai a ƙarshe. Da farko lantarki shi kaɗai: a cire wayar famfon fetur da ta kwayil, a kashe komai, a sa ƙwan fitila tsakanin kan batir da wayarsa. Idan ƙwan ya haska sosai alhali komai a kashe yake, akwai wayar da take taɓa bodi. Idan bai haska ba, a haɗa ta ƙaramin fiyus a gwada fitilu da ham da waifa ɗaya bayan ɗaya, ana shafa damin wayoyi da hannu ko za a ji ɗumi.

Na biyu mai: fulogi a cire, a buga kik na daƙiƙa goma-goma ana hutawa, har allurar agogon mai ta ɗaga. A nan ne ya dace a auna matsin kowace silinda a ga ko sun yi kusa da juna.

Na uku fetur shi kaɗai: a mayar da wayar famfo, kwayil a cire. A kunna makulli a saurara. Famfon SU yakan yi ƙas-ƙas-ƙas da sauri, sannan ya rage, sannan ya yi shiru idan kofunan kafireta sun cika. Idan ya ƙi yin shiru, fetur yana fita ta wani wuri. A bi kowace mahaɗa da farar takarda, a duba bututun ambaliya na kafireta, a jira mintuna kaɗan a sake dubawa.

Sai na huɗu: a mayar da fulogi da wayar kwayil, a tabbatar wayoyinsu suna bin tsarin 1-3-4-2, a daidaita taimin a tsaye, a ɗaura matatar iska. Kada a tayar da inji bakin kafireta a buɗe, kuma kada a tsiyaya fetur a ciki daga gora, domin matatar ce take tare harshen wuta idan injin ya yi tari. Idan ya tashi, ido a kan agogon mai. A bar shi minti ɗaya ko biyu a kashe, a duba ko'ina, sannan a sake tayarwa a bar shi ya yi zafi.

Hayaƙi yana tashi daga injin bayan ya kama. A kashe ne?

Siririn hayaƙi daga kan salansa a mintunan farko abu ne da aka saba gani, sabon fenti da maiƙon hannu ne suke ƙonewa, kuma yakan ragu da kansa. Warin ɗanyen fetur, ko ƙaurin leda, ko hayaƙin da yake ƙaruwa, dalili ne na kashewa nan take a cire batir.

Wane sauyi ya kamata a yi don kada a maimaita?

Makashin batir a inda hannun direba yake kaiwa, fiyus a kan layin famfon fetur, da na'urar da take yanke famfon idan mota ta yi karo. Masu son komai ya zauna yadda ya fito daga masana'anta sukan yi ƙorafi, amma duk waɗannan ana iya ɓoye su. Tukunyar kashe gobara a ɗaure ta a cikin mota kusa da kujera, ba a but ba, kuma mai kilo 2 ta fi 'yar ƙaramar da take ƙarewa cikin daƙiƙu kaɗan. Halon, sinadarin kashe gobara wanda ba ya barin datti, an daina ƙera shi a ƙasashe masu arziki tun 1994 a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, don haka masu irin waɗannan motoci sukan zaɓi ta kumfa ko ta iskar da ta maye gurbinsa. Ta hoda ma tana da amfaninta, domin tana kashe wutar fetur da sauri, kuma wanke hoda ya fi asarar mota.

Yaushe za a iya komawa kan titi?

Bayan injin ya yi zafi ya huce sau da dama ba tare da yoyo ba, an sake ɗaure kilif-kilif na mesoshi, kuma an gwada birki a tsaye da kuma a tafiyar hawainiya. Fitar farko ta zama gajeriya, kusa da gida, ana tsayawa ana buɗe bonet. A sake sauya mai da filta bayan 'yan ɗaruruwan kilomita. A Birtaniya, tun daga Mayu 2018, yawancin motocin da suka haura shekara 40 ba dole ne su yi gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT ba, amma doka ba ta hana mai mota ya kai ta da kansa ba, kuma motar da aka sauya wa wayarin da bututun birki da hanyar fetur tana buƙatar wani bakanike da ba shi ya yi aikin ba ya ɗaga ta ya duba ƙarƙashinta.